Damtsen da Ya Yi Ja

Bana ruwa ya yi mana rowa. Ya sauko da ƙarfi a farkon damina, kowa ya ɗauki sungumi ya fita, gero ya tsiro kore shar, sai kuma shiru. Hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, iska ta kaɗa, mu naɗe tabarmi mu shige zaure, sai ya watse ko ɗigo babu. Na zauna garuruwan da ba a jiran ruwa haka. A Kumasi har gajiya kake yi da shi, ka wanke riga ta ƙi bushewa. A Jidda kuwa ba mai ɗaga kai ya dubi sama, ruwansu yana cikin famfo. Mu nan tsakanin Jabo da Dogon Daji, in damina ta yi gardama, wuyan mutum har ciwo yake yi don kallon gabas.

Tun da na ajiye fatauci na dawo gida, zamana a zauren yayana yake, Malam Mamman. Bara aka same shi da hawan jini. Malama Rabi, 'yar maƙwabcinmu da ke aiki a ƙaramin asibitin garinmu, ta sa shi cikin wani shiri da aka kawo wa tsofaffin ƙauye. Aka ba shi abin awon jini, irin wanda ake ɗaurawa a damtse ya kumbura ya matse, aka haɗa shi da wayar hannu. Da ya auna, sakamakon zai tafi da kansa wurin wani likita a Tambuwal, wanda har yau ba mu san fuskarsa ba. Ba sai ka yi boko ba, wayar tana nuna launi: kore lafiya lau, rawaya a yi hankali, ja a nemi asibiti.

A Jidda na ga irin abin nan a gidajen Larabawa. Kowa da nasa, a ɗakinsa, kamar asawaki. A zauren Yaya kuwa, kafin wata ya juya ya zama kayan unguwa. In an idar da la'asar sai dattawa su taru, liman, da Garba mahauci, da duk wanda ya biyo hanya, kowa ya naɗe hannun riga ya miƙo damtse. Yawancinsu sun ɗauka matsawar nan ita ce maganin. Sai ka ji mutum ya ce, "Alhamdu lillahi, na ji jijiyar ta saki." Wayar kuma tana can cikin aljihun Yaya, ba mai duba ta, shi ma idonsa ya yi rauni. Ba wanda ya kawo a ransa cewa tana aika komai, kuma suna ɗaya ta sani.

Washegarin kasuwar Dogon Daji, da hantsi, sai ga Malama Rabi ta faɗo zauren ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta tarar da Yaya zaune daram, yana shan furarsa.

"Baba, lahiya kake? Likita ya bugo, ya ce awonka na jiya ya yi ja. Jan da ba a barin mutum gida da shi."

"Ni? Jiya ko ɗaura shi ban yi ba."

"To wa ya ɗaura?"

"Ki ce wa bai ɗaura ba."

Ta dafe kai, ta zauna bakin tabarma. "Baba, ashe shi ya sa! Likita ya daɗe shina tambayata wai wane irin tsoho na wanga, yau jininai na saurayi, gobe na wani mutum dabam. Ban ce maka naka na kai kaɗai ba?"

"Kin ce, ɗiyata."

"To?"

"To mutum ya shigo zaurena ya ce in ara mai, in ce mi? Gidan Malam Isa na fa."

Ita ba ta san Malam Isa ba, ko uwarta ba ta tarar da shi da lafiyarsa ba. Mahaifinmu ne. Da Yaya ya ambaci sunansa, ga kuma gero can yana lanƙwashewa a gona, sai na ji kamar an mayar da ni wata damina da ta daɗe da wucewa.

Ina ɗan saurayi a lokacin, ban isa aure ba. Ita ma daminar haka ta fara, ruwan shuka mai kyau, sannan aka ɗauke. Ganyen gero ya naɗe kamar tsinke, ya yi fari, ya kwanta. Ƙasa ta yi zafin da in ka taka ba takalmi sai ka nemi inuwar kalgo ka tsaya kana musayar ƙafa. Ni nake shiga rumbu in miƙo dame don ni ne siriri, kuma ni na fara jin yadda muryata ke dawowa in na yi magana a ciki. Baba ya ware damen iri, ya rataye shi a ɗakinsa sama da inda yake kwana, ya ce ko ana mutuwa kada a taɓa.

Tuwon dare ya koma kunu, kunun ma ya yi ta tsinkewa har kana iya ganin gindin ƙwarya. Da asuba Inna takan aike ni ɗebo wuta a gidan da ya riga hurawa, in taho da garwashi cikin katangar fasasshiyar tukunya ina tare shi da tafin hannu. Rana na fitowa mata su shiga daji da ƙorai. Su dawo da yaɗiya, da ɗan tafasa in an samu a kwari, da 'ya'yan anza. Anza ɗaci gare ta na fitar hankali. Sai an jiƙa ta kwanaki ana sake mata ruwa kafin ta ciwu, kuma warin ruwan jiƙon ya kama ko'ina a gida, har tufafinmu. Na ci abinci a Abijan, na ci a Madina, na ci na Yarabawa mai yajin da ke sa hawaye, amma in na rufe ido, ɗanɗanon anza da ɗan gishiri ne ya fi kusa da harshena.

Rijiyar unguwa ta ja da baya har igiyar kowa ta kasa. Baba ya fito da tamu ya ce kowa ya kawo tasa. Aka ƙulla su, wata ta kaba, wata ta rama, wata ma guntun rawani ce, aka yi igiya ɗaya mai ƙulle-ƙulle tana cin hannu. Aka bar ta nan bakin rijiya, ba ta kowa ba. Haka dutsen niƙanmu, haka allurar Inna. Allurar nan takan fita da safe, sai ka bi gida-gida kana tambaya kafin ka gano inda ta kwana.

Aka fita roƙon ruwa bayan gari. Maza suka juya rigunansu, aka raba awaki da 'ya'yansu suna ta kuka, tsofaffi suna hawaye ba sa sharewa. Muka dawo, rana tana nan yadda muka bar ta.

A cikin wannan hali ne wata safiya muka ga saurayi ya tsaya a ƙofar gida, sanda gicciye a kafaɗa, ƙafa duk ƙura, yana jan saniya da ɗan maraƙinta. Shehu ne, ɗan Goggo Hauwa, ƙanwar Baba da ke aure cikin masu shanu can wajen Fakku. Labarin yunwarmu ya kai musu, ta turo shi da saniyar tatsa, aro, sai kaka a mayar. Sa'ana ne, kuma taubashina, wato tsakanina da shi ba gaisuwa sai tsiya. Ko ruwa bai sha ba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, bawana, haka ka rame? Na kawo maka uwa, zo ka kama nono."

Na ce, "Ɗan mace, wa ya ba ka bakin magana gidan ubangidanka?"

Inna ta yi dariya, dariyar da muka daɗe ba mu ji ba.

Saniya ɗaya ce, ita ma a rame. Abin da ake tatsowa ba zai ishi gidanmu ba. Amma Baba ya aika unguwa, ya ce duk gidan da ke da ƙaramin yaro ko mai jego a kawo ƙoƙo. Inna ta riƙa dama garin 'ya'yan kuka tana ƙarawa, tana bi da ruwa. Kullum ƙoƙuna ƙaruwa suke yi. Ran nan na ji ta tana ce masa ƙasa-ƙasa, "Malam, nonon ga fa ya koma ruwa." Ya leƙa ƙwaryar ya ce, "In dai da sauran fari, ba su."

Da ruwan ya tashi dawowa, da rana tsaka ya zo. Na fara jin ƙamshinsa kafin in gan shi, ƙamshin ƙasa busasshiya da ta sha. Yara suka fita tsirara, mata suna guɗa suna tara tukwane ƙarƙashin indararo. Baba ya sauko da damen nan, aka sussuke, muka sake shuka. Ya ɗebi rabin irin ya raba wa waɗanda suka cinye nasu.

Wanda bai yi noma da yunwa ba ba zai gane cewa bayan ruwa wahalar ta fi tsanani ba. Ciyawa ta taso tare da gero, rumbu wayam, hauya kuma ba ta san ba ka ci ba. Ka duƙa ka yi kuyya, ka ɗago, duniya ta yi duhu. Shehu ya zauna yana taya mu, yana cewa shi makiyayi ne, ya zo ya koya wa manoma noma.

A lokacin Baba ya fara kukan ciwon ƙeya. Ya ce kansa na yi masa nauyi, kunnensa na ƙara kamar an saki ƙudan zuma. Aka kira wanzami ya kafa masa ƙaho a ƙeya da kafaɗa, ya zuƙo jini baƙi, ya nuna mana ya ce ga mugun nan ya fita. Baba ya ce ya ji sauƙi, ya tsotsi kanwa, ya koma gona. Ana haka wata rana muna jere, shi a tsakiya, ni da Yaya a dama, Shehu a hagu, sai na ga hauyarsa ta tafi ita kaɗai. Ya durƙusa a hankali kamar mai shirin sujada, ya kife. Shehu ne ya fara kai masa hannu. Da ya juyo shi, bakinsa ya karkace, ido ɗaya na zubar da ruwa, yana son magana ba ta fita. A kan ƙyauren zaure aka ɗauko shi.

Aka ce iska ce ya gamu da ita a gindin tsamiya. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka shafe shi da mai. Ɓarin jikinsa na dama bai sake motsi ba.

Abin da nake so in faɗa shi ne abin da ya biyo baya. Gayya a garinmu da kiɗa ake yin ta, mai gona ya dama fura, ya yi tuwo. Mu ba mu da ko ɗaya, ba mu kuma gayyaci kowa ba. Amma da muka fita da sassafe muka tarar da mutane duƙe a gonarmu, ba ganga, ba waƙa, sai ƙarar hauya. Su yi abin da za su yi kafin rana ta ɗaga, su wuce nasu gonakin da cikinsu wayam. Da Baba ya ɗan farfaɗo muka riƙa kawo shi kan jaki mu jingine shi gindin gawo. Duk wanda ya zo wucewa sai Baba ya ɗaga masa hannun hagu, shi ke nan godiyar da ta rage masa.

Gero ya yi kyau a shekarar, fiye da zaton kowa. Tumun farko da aka gasa, Inna ta murje shi a tafin hannu ta hure, ta sa wa Baba a baki. Ya daɗe yana taunawa da gefe ɗaya, muna zagaye da shi muna kallo. Bayan girbi Shehu ya ja saniyarsa, ta yi ƙiba, maraƙin ya zama ɗan bijimi. Baba ya ƙara 'yan shekaru, bai sake riƙe hauya ba.

Sai da na yi gemu, ina sayen goro a Kumasi, na je duba wani abokin fatauci a asibiti, na gan shi kwance da irin bakin nan. Wata ma'aikaciya tana yi wa matarsa bayani da Asantanci, ina tsaye ina ji: ciwon ƙeya, ƙarar kunne, jini ya hau har ya fasa hanya a cikin kai. Ta ce da an auna shi da wuri, ƙwaya 'yar ƙarama ta isa. Na fito na zauna kan matakala, na daɗe ban tashi ba.

Shi ya sa da Malama Rabi ta ce, "Yanzu wani na can yana yawo da jan ga, kuma ba mu san ko wane na ba," ni na fara miƙewa. A da ba wanda zai iya hango abin. Yanzu an hango shi tun daga Tambuwal, saura a san damtsen.

Aka bi gida-gida aka tattaro 'yan zaure. Ta auna su ɗaya bayan ɗaya, wannan karon da wayar a hannunta. Liman kore. Garba mahauci rawaya, aka yi masa ca, ana cewa kitse ne da ɗanɗanon yaji. Wasu kore, wasu rawaya, amma ba ja. Ta ɗauki hoton kowa, ta buɗe masa nasa gurbi a wayar, ta nuna wa Yaya: kafin mutum ya ɗaura, a taɓa fuskarsa. Ta ce, "Tunda ba ka iya hanawa, Baba, to a ara yadda ya kamata." Yaya ya ji daɗin wannan. Amma mai jan bai fito ba, ni kuma ban san komai ba don ranar ina kasuwa.

Sai muryar Kulu, matar Yaya, ta fito daga bayan asabari. "Ku dai maza kun cika mantuwa. Wa ya kawo man shanu jiya? Ba ina ji shina yi muku tsiya ba, wai ku ɗaura mai abin ragwaye shi gani?"

Yaya ya ajiye ludayi. "Shehu."

Ya biyo ta nan a hanyarsa ta komawa daga kasuwa, ya miƙa damtse don ya yi musu dariya, ya wuce. Muka buga wayarsa ba ta shiga, can wurinsu sai an hau tudu ake samun sabis. Gwiwar Yaya ba ta ɗaukar babur. Muka ɗauki 'yan kabu-kabu, ni a kan ɗaya, Malama Rabi a kan ɗaya da abin awon cikin jaka.

Tafiya ce mai nisa, ta cinye mana rabin yini. Can wajen Fakku, ƙasar Kebbe, sun fi mu samun ruwa, dawa har ta kai gwiwa. Muka tarar da shi a gona cikin rana, duƙe, shi da 'ya'yansa, tsoho da furfura har gira. Ya ɗago ya kare ido da hannu.

"A'a! Bawana na? Yunwa ta sake koro ka? Saniyar ta mutu tuni, sai dai jikanyarta."

"Ɗan mace, zo nan inuwa ka zauna."

"Kai da ka gama yawon duniya ba ka kawo komi ba sai tumbi da yaren kafirai, kai ka ba ni umurni?"

Malama Rabi ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani. Ya yi dariya har da tafi. Ya ce shi nono ya sha ya girma, bai san hanyar asibiti ba, jiya ma don ya kunyata ragwayen zaure ya ɗaura. Ta ce to ya huta tukuna, a sake kunyata su. Ta bar shi ya sha ruwa, gumi ya bushe, sannan ta ɗaura. Abin ya kumbura, ya saki. Ta jira, ta sake a ɗaya hannun. Ta juyo masa da wayar.

"Baba, kana jin ciwon kai?"

"Wa ba ya jin ciwon kai ga damina?"

"Ina yake maka?"

Hannunsa ne ya tafi ƙeya da kansa. Ya dubi jan nan, ya dube ni, na ga tsiyar ta bar fuskarsa.

"Abin da ya kada Kawu na?"

Na ce, "Shi na."

Ya dubi gonar, rabi an nome, rabi ciyawa. Na san abin da yake aunawa, don manomi bai barin noma tsakiya. Babban ɗansa ya matso ya kama ƙotar hauyar. Shehu ya riƙe ta ɗan lokaci, sannan ya saki.

"Ku jira in sake riga," ya ce. "Ba ni shiga Kebbe haka, a ce ubangida ya hi bawa datti."

Yanzu da nake rubutun nan ruwa ya dawo, gero ya fara fitar da kai. Shehu yana nan, an kwantar da shi aka sallame shi, yana shan ƙwayarsa yana cewa nono ne ya warkar da shi. An haɗa shi da asibitin can kusa da su, ɗansa ke hawa tudu ya aika awon. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne hanyar nan daga gona zuwa Kebbe. Muka sa shi tsakiya, mai babur a gaba, ni a baya. Hanya duk yashi da kwazazzabai. Na zagaya hannuwana na riƙe shi, ina jin haƙarƙarinsa ta cikin riga, ina jin numfashinsa. Muka yi tafiya mai tsawo. Can ya ɗan juyo.

"Kai, sake ni. Ba ni faɗuwa."

Na ce na ji. Ban sake shi ba har ƙofar asibiti.